Ganye, Ƙwarya Da Leda: Abin Da Ƙunshin Abinci Ke Faɗa A Kasuwar Kafanchan

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Kafanchan da hantsi, sa'ad da motocin ƙauye suka gama sauke kaya, in ya tsaya ya zuba ido sosai zai ga wani abu wanda ba kowace kasuwa ce a ƙasar nan take da shi ba. Ba yawan kayan nake nufi ba, ko da yake akwai su tuli. Abin da nake nufi shi ne irin rigar da kowane abinci ya sawo ya zo kasuwa da ita. Ga mai alala ta naɗe tata cikin ɗanyen ganye, kusa da ita ga wata ta dafa cikin gwangwanin madara, can gaba kaɗan kuma ta uku ta ƙulla a farar leda. Wake ɗaya ne, manja ɗaya ne, amma ƙunshi uku, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana da ƙasar da ya fito da zamanin da ya haife shi.

Dalilin wannan kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kafanchan gari ne wanda jirgin ƙasa ya raya. A cikin 1927 ne hanyar jirgin da ta taso daga Fatakwal, ta bi ta Inugu da Makurɗi, ta haɗu da Kaduna ta nan, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos saboda kuza. Kafin a ce haka ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, Ibo da Yarbawa da Nufawa da Hausawa, sun cika wurin, suka zauna tare da mutanen ƙasar, watau Fantswam da Kaninkon da Kagoro da Bajju da sauran maƙwabtansu. Kowa ya zo da tukunyarsa, ya kuma zo da yadda uwarsa ta koya masa ƙunshe abinci. Harkar jirgin ta ja da baya tun shekarun 1980, tirela ta gaje aikin, amma waɗannan al'adu suna nan zaune gefe da gefe.

Idan aka bi diddigi, ƙasa ce take zaɓar wa mutanenta abin ƙunshi. A can Kurmi, inda ruwa ke sauka mafi yawan watannin shekara, ganye ne a banza. Mutumin Inugu da ganyen ayaba ya saba ƙulla okpa, wani irin alala ne da ake yi da garin gurjiya. Bayarabiya kuwa tana da wani ganye mai faɗi da santsi wanda ke fitowa a inuwar kurmi, da shi take naɗe alala da agidi, har masu ci sukan ce wanda aka dafa a wani abu dabam bai kai shi ƙamshi ba. Amma a Kano da Katsina da Sakkwato, har zuwa Damagaram, ganye mai faɗi baƙo ne in rani ya shigo. Saboda haka mutane suka koma ga duma da fata da kaba. Fura da nono a ƙwarya a rufe da faifai, man shanu a tandu, hatsi a taiki, kantun gishirin Bilma kuma cikin saƙar kaba bisa raƙumi. Kilishi da ƙuli-ƙuli da daddawa busassu ne, ba su bukatar komai sai abin da zai kare su daga ƙura. Kudancin Kaduna kuwa a tsakiya take. Tana da ruwan da ya isa ayaba da gwaza da kwakwar manja su yi a bakin rafuka, tana kuma da rugagen Fulani, kamar na Laduga a ƙasar Kachiya, inda ƙoren nono ke fitowa kowace safiya.

Ganye ba ya ƙarya

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, a wancan zamani ƙunshin da kansa shi ne takardar shaida. Ba a rubuta kome a jikinsa ba, amma mai saye ya iya karanta shi. Ganyen da aka naɗe agidi da shi da asuba kore ne shar, in ya kwana sai ya yi laushi ya dafe, in ya ƙara kwana ya soma yauƙi da tsami. Ko yaro aka aika ya san wanda zai ɗauko. Haka nan ƙwaryar nono: in ka ga an kankare ta fes, faifan bisa ba ƙura, ka san hannun da ya dama furar. Sa'an nan kana da ikon ka ce a ɗaga faifan, a ɗiba maka a ludayi ka ɗanɗana kafin ka fitar da kuɗi.

Gwanintar wannan sana'a ba inda ta kai ƙarshe kamar wurin fataken goro. Goro ɗanyen abu ne, ba ya son iska, ba ya son rana, ga shi kuwa tun zamanin Gwanja sai ya yi tafiyar watanni kafin ya iso Kano. Dabarar da aka yi masa ita ce huhu. Ana shimfiɗa ganyen fita, a jera goro, a rufe da wani ganyen, a ɗaure tam. A hanya sai a riƙa kwancewa lokaci-lokaci, ana tsince mai sankara don kada ya ɓata 'yan'uwansa, ana sabunta ganyen da ya bushe, ana yayyafa ruwa. Da jirgi ya zo, goron ƙasar Yarbawa ya riƙa isowa cikin kwanaki maimakon watanni, amma huhun bai sake ba. Tsohon dillalin goro in ya dubi ɗaurin huhu da launin ganyensa yakan gane ko kayan sun daɗe a hanya, kuma a wurinsa ƙwaryar goro ɗari ce cif, ko a Kafanchan ko a Maraɗi.

To, da ma a ce haka sauran ma'aunai suke. A nan ne bambancin gari da gari ya fi cutar baƙo. A Kafanchan da Jos da Abuja da mudu ake awo. Ka hau zuwa Zariya da Katsina ka ji ana tiya, wadda a Maraɗi takan ɗauki kimanin kilo biyu da rabi na gero, a Kano kuma kwano. A Badun suna da nasu da suke kira kongo. Mutanen Ikko kuwa da derika suke auna shinkafa da wake, asalinta ba wani abu ba ne illa gwangwanin tumatirin wani kamfanin Italiya mai suna De Rica, wanda aka cinye abin ciki aka mai da mazubin ma'auni. A Anacha da Inugu da gwangwanin taba sigari ake auna garin rogo, yanzu kuma robar fenti ta shigo ta zama sarauniya ko'ina. Tun 1974 ƙasar nan take da dokar awo da ma'auni wadda ta tsaya a kan kilo da lita, shekara guda bayan an bar fam da sule an koma naira da kwabo. Kuɗin sun sake a rana ɗaya, mudu kuwa ya ƙi. Har ma mudun kansa ba ɗaya ba ne, akwai na saye, wanda ɗan kasuwa ke zuwa da shi ƙauye, akwai na sayarwa, wanda aka bubbuga gindinsa ya shige ciki. Manomiyar da ta kawo acca daga ƙauye ta san da haka sarai, sai dai ba ta da wurin kai ƙara, tun da ba abin da aka rubuta a jikin ko ɗaya.

Sa'ad da leda ta zo

Ba za a ƙi gaskiya ba, leda ta yi rana. Ba ta yoyo, ba a zuwa daji nemanta, ga araha. Ita ta sa talaka yake iya sayen man gyaɗa na miya ɗaya, ko sukari na shayi ɗaya, ita ce kuma ta kawo ruwan sha na leda a shekarun 1990. Amma leda bebiya ce. Alalar jiya da ta yau kama ɗaya suke a cikinta, sai ka ciza za ka sani. Ga likitoci suna ta gargaɗi a kan zuba abinci mai zafi ko dafa shi a cikinta, ga mahauta suna ciro ta dunƙule-dunƙule daga tumbin shanu da awaki. Ruwanda ta hana ta tun 2008, Kenya a 2017, a watan Janairun 2024 kuma Gwamnatin Jihar Legas ta hana farin mazubin abincin nan mai kama da soso wanda ke toshe magudanan ruwa. Ita ma jarida ba ta tsira ba, domin na sani sarai wani zai gama karanta wannan shafi mai tsire ya naɗe nama da shi. Ƙasar Indiya dai ta hana ƙunshe abinci da takardar jarida saboda tawada.

Amma abin da ya fi bebe haɗari shi ne mai magana yana ƙarya. Je ka layin masu manja da zuma. Kusan duk kwalabar da ke wurin an riga an sha abin da aka yi ta dominsa: ta lemo, ta ruwa, ta giya, wata ma ta magani, kowace da takardarta ta asali manne a jiki. Ni kaina na taɓa tsayawa a bakin hanya wajen Kagoro, wani yaro ya miƙo mini kwalaba yana cewa, "Baba, zumar dutse ce, ba haɗi." Takardar jikin kwalabar kuwa sunan wani lemo ne da adireshin masana'antarsa a Ikko. Da na isa gida aka buɗe, sai ga ƙaurin toyayyen sukari ya riga ƙamshin zuma fitowa. Wa zan koma wa? Abin haushin shi ne ƙasar tana da zuma ta ƙwarai, mai ita ma a irin wannan kwalabar yake zubawa, saboda haka ha'incin wani yana karya masa daraja. Haka manja, hukuma ta sha yin gargaɗi a kan masu zuba masa jan rini don ya yi kyan gani. Haka jarkar da ba a san abin da ta ɗauka da fari ba, haka buhun takin zamani da aka kakkaɓe aka zuba masara.

Ko buhun shinkafa ya koyi sauya riga. Sa'ad da aka rufe iyakokin ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an yi ta kama shinkafar waje wadda aka juye cikin buhunan gida don a ɓad da sawu ga jami'an kwastan. A kasuwa kuma sai ga akasin haka, ta gida ce ake ɗurawa a buhun da aka rubuta wa Tailan don ta yi tsada. Cinikin biri a sama ke nan, ta kowace fuska.

Takarda da harshenta

Ba a ce babu doka ba. An kafa dokar abinci da magunguna a 1974, a 1993 kuma aka kafa hukumar NAFDAC don kula da ingancinsu. Mutane da yawa sai a zamanin marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008, suka san da ita, lokacin da aka yi yaƙi da jabun magani da sinadarin nan mai kumbura burodi. Ƙa'idar hukumar a fili take: duk abincin da aka rufe a masana'anta sai an rubuta sunansa, da abubuwan da aka haɗa, da nauyinsa, da sunan mai yi da adireshinsa, da ranar yi da ranar lalacewa, da lambar rajista. Duk wannan daidai ne. Sai dai dokar ta ce a rubuta da Turanci, wani harshe kuwa in mai kaya ya ga dama ya ƙara.

To, a kasuwar Kafanchan da wane harshe ake ciniki? Mutumin Atyap in zai sayi kaya wurin mutumin Ham, ko Bafulatana wurin Ibo, da Hausa suke daidaitawa. Gaskiya ne kudancin Kaduna ya yi nisa a karatun boko tun zamanin makarantun mishan, ba kamar wasu sassan Arewa ba. Amma iya Turanci dabam, gane 'yan haruffan nan da ake bugawa a gindin gwangwani dabam. Akwai MFD, akwai EXP, akwai BB, an buga su da tawadar da ke gogewa da yatsa, da ƙanƙantar da sai mai tabarau. Tsohuwar da ta ga kwanan wata biyu a jikin madara, yaya za ta san wanne ne na haihuwa wanne ne na mutuwa?

Kayan waje kuma kowanne da tsarin ƙasarsu. Wanda ya shigo ta Kwatano ko ta Maraɗi da Faransanci yake magana, dabino da madarar da aka ɗauko daga ƙasashen Larabawa da Larabci. Mu da Ingila rana muke fara rubutawa sa'an nan wata, Amurka kuwa wata take farawa. Watau idan ka ga 03/09 a jikin kaya, ga ɗan Nijeriya 3 ga Satumba ke nan, ga Ba'amurke 9 ga Maris, tsakaninsu kusan wata shida, wanda ya isa a ba jariri abin da ya riga ya lalace.

Abin mamaki, an taɓa gwada hanyar da ta fi wannan, ta kuma yi aiki. Da aka wajabta ƙara sinadarin bitamin A cikin fulawa da sukari da man girki a 2002, sai aka sa hoton ido a jikin kayan, wanda ko bai taɓa shiga aji ba in an nuna masa sau ɗaya ya riƙe. Haka kuma ƙananan takardun kuɗi da aka fitar a 2007, an rubuta darajarsu da Hausa da Ibo da Yarbanci. In har naira ashirin za ta iya faɗin sunanta da Hausa, ban ga abin da zai hana gwangwanin madara ya ce "kada a sha bayan rana kaza" ba.

Citta ba suna

Duk wannan maganar abin da ke shigowa ne. Babbar asarar kudancin Kaduna tana wajen abin da ke fita. A daidai shekarun da jirgi ya iso, wajen 1927, aka soma noman citta don sayarwa waje a wannan yanki, har ya zama ƙasashen Jaba da Kachiya da Kagarko da Jama'a da Zangon Katab su ne rumbun cittar Nijeriya. Iri biyu aka fi sani, Tafin Giwa mai kauri da ɗorawa-ɗorawa, da Yatsun Biri mai sirara da duhu. Masu sayenta a Indiya da Dubai da Turai sun san ta da yaji da yawan mai. Aikinta kuwa ba na rago ba ne. A share gona, a dasa, a lulluɓe da ganye, a yi ta cire ciyawa da hannu, in kaka ta yi a haƙa, mata da yara su zauna su tsaga ta ɗaya-ɗaya da wuƙa, a shanya a iskar hunturu.

Bayan wannan wahala duka, a cikin me take barin Kwoi ko Kubaca? A tsohon buhun taki, ko na abincin kaji, ko na shinkafar Tailan. Ba sunan ƙauye, ba sunan manomi, ba shekarar da aka haƙa, ba iri, nauyi ma sai abin da sikelin mai saye ya faɗa. Wanda ya shanya tasa bisa tabarma ko dutse mai tsabta, da wanda ya baza a gefen kwalta ta kwashi yashi da kashin awaki, da wanda ya ɗure tun ba ta gama bushewa ba har ta yi fumfuna, duk a tirela ɗaya za a loda su, kuɗinsu kuwa kusan ɗaya. Sai ta isa ɗakin ajiyar mai fitarwa za a tsince ta, a sa ta a sabon buhu, a buga masa sunan kamfani da sunan Nijeriya. A kasuwar duniya ana kiran citta da sunan Kocin ta Indiya, ana kiranta da sunan Jamaika, amma ba mai jin Kwoi ko Kachiya.

Da ba haka abin yake ba gaba ɗaya. A zamanin hukumomin sayen amfanin gona akwai ma'aikatan da ke duba kaya su ba su daraja kafin a ɗinke buhu, kuma citta tana cikin abin da Hukumar Gyaɗa ta 1977 take kula da shi. Manoma sun koka ƙwarai da farashin waɗannan hukumomi, ba kuwa wanda ya yi kukan rushe su a 1986. Sai dai da aka zubar da ruwan, an haɗa har da tulun, domin tun daga lokacin babu wani mai tsayawa a kasuwar ƙauye ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu.

Rashin suna a jikin buhu ba ƙaramin abu ba ne, wake ya riga ya nuna mana. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda an sami maganin ƙwari a jikinsa fiye da kima. Da yake ba a iya bin sawun buhun zuwa rumbun da aka yi ɓarnar, sai hukuncin ya hau kan kowa, mai laifi da marar laifi. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Ita ma citta ta ga nata tashin hankali a damunar 2023, sa'ad da wata cuta ta fumfuna ta auka wa gonaki, ganye ya ƙone, saiwa ta ruɓe a ƙasa, mutane da yawa suka tashi ba uwa ba riba, wasu da bashi a wuya. Da shekara ta zagayo aka shiga neman iri, manomi yana tsaye gaban buhu, ba abin da zai gaya masa ko daga lafiyayyar gona ya fito ko daga wadda ta ruɓe, sai rantsuwar mai sayarwa.

Maƙwabtanmu sun riga mu gane wannan. A 2013 Kamaru ta yi wa masoron Penja da farar zumar Oku rajista a ƙungiyar kare haƙƙin mallaka ta ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci, ta yadda ba mai ikon sa wa kayansa waɗannan sunaye sai wanda ya noma a wurin, bisa ƙa'idar da manoman suka amince da ita. Daga baya Nijar ta bi sahu da kilishinta da albasar Galmi. Nijeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, amma ba sai an jira Abuja kafin a fara ba. Ƙananan hukumomin Jaba da Kachiya da Kagarko da Jama'a, tare da ƙungiyoyin manoma, suna iya buga buhunsu na kansu, mai layi huɗu kacal da Hausa da Turanci: ƙauye, iri, shekara, nauyi, da wani amintacce a kowace kasuwa wanda ba zai yarda a ɗinke shi ba sai ya zura hannu ya ji citta ta bushe. Akwai matan da suka riga suka soma nasu ƙoƙarin a Kafanchan da Kaduna, suna niƙa citta da kurkum suna zubawa a roba mai murfi da 'yar takarda mai sunansu da lambar waya, ko da yake kuɗin rajista da zirga-zirgarta suna hana da yawansu wuce bakin unguwa. Waɗannan su ya kamata a fara kira a ji ta bakinsu, tun kafin watan Nuwamba ya kama a shiga haƙa, dillalan tsofaffin buhuna su sake cika kasuwar Kwoi.